Sadaukarwa: asalin kalmar, ma'anarta da yadda muke amfani da ita a nan kurmi

Cikin kalmomin da bakin Bahaushe ya saba da su a 'yan shekarun nan, da wuya a samu wadda ake yawan jefawa a taro kamar sadaukarwa. Za ka ji ta a wajen ta'aziyya, a walimar saukar karatu, a taron ƙungiyar 'yan kasuwa, a bakin ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'ar Sabo ko Agege, har ma a bakin mai sharhin ƙwallo. Ma'anarta a taƙaice ita ce mutum ya ɗauki wani abu nasa mai daraja a wurinsa, ko dukiya, ko lokaci, ko ƙarfi, ko ma ransa ɗungurungum, ya miƙa shi ga wani mutum ko wata manufa da yardar zuciyarsa, ba tare da yana jiran a biya shi ba.

Mai karatu ya lura da sharuɗɗan da ke cikin wannan bayani: abin nasa ne, shi ya ga dama, kuma bai sa ran biya ba. In ɗaya ya faɗi, to sai a nemi wani sunan a sa wa abin. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi wa kalmar zama na musamman, domin a garuruwan nan da muke ci-rani ko muka yi kaka-gida, ana amfani da ita wajen yabon mutanen kirki, ana kuma amfani da ita wajen danne haƙƙin masu rauni. Ga kuma yaranmu da aka haifa a Legas da Badun da Fatakwal, waɗanda Hausarsu ta cakuɗe da Yarbanci da buroka, suna jin kalmar a bakin manya amma ba kowa ne zai iya bambanta ta da jajircewa ko haƙuri ba.

Daga ina ta fito

Sadaukarwa 'yar gidan sadaka ce. Ita kuwa sadaka Larabci ce, daga tushen nan mai haruffa uku, sadi da dali da ƙafi, wanda ma'anarsa ta farko ita ce gaskiya. Daga wannan tushe ne aka samu sadaki da ake ba amarya, aka samu laƙabin Siddiƙu da ake yi wa Sayyidina Abubakar, aka samu sunan Sadiƙu da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Malamai kan ce an kira kyautar da ake yi don Allah sadaka ne saboda tana gaskata imanin mai bayarwa. Wato baki ya faɗa, hannu ya tabbatar.

Ba mu kaɗai muka ari kalmar ba. Maƙwabtanmu Yarbawa suna cewa "saara", kuma duk wanda ya zauna a Legas ko Badun ya ga yadda ake raba ƙosai ko wani abin taɓawa da wannan suna, musamman ranar Juma'a ko lokacin addu'ar mamaci. Saara ɗin nan sadakarmu ce, harshe ne kawai ya lanƙwasa ta.

A tsohuwar Hausa, in aka ce wane ya sadaukar da abu, ana nufin ya bayar da shi sadaka, shi ke nan. Ya sadaukar da damin gero, ya sadaukar da akuya. Har 'ya ana cewa an sadaukar. Wannan shi ne auren sadaka, inda uba kan aurar da 'yarsa ga wani malami ko wani mutumin kirki marar hali, ba tare da an ɗora wa angon ɗawainiyar da aka saba ba, sau da yawa ma uban ne ke biyan sadakin daga aljihunsa. Al'adar ta ja baya ƙwarai, amma tsofaffi sun san ta. Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa, ta tashi daga gero da akuya ta koma kan lokaci da lafiya da rai, kuma gidajen rediyo da jaridu sun taimaka wajen yaɗa wannan sabuwar ma'ana, domin kullum suna bukatar kalmar da za su fassara jawaban shugabanni da ita.

Akwai kuma sadauki, wato jarumin da ba ya ja da baya a fagen fama, jam'insa sadaukai. Kunne yakan haɗa su, masu jawabi ma suna son jera su wuri guda don daɗin sauti. Amma a ma'ana kowa da gidansa: sadauki ƙarfin zuciya ake yaba masa, mai sadaukarwa kuwa abin da ya saki daga hannunsa ake dubawa. Tsohuwar da ta shekara ashirin tana dafa wa almajirai abinci ba sadauki ba ce, amma wa zai ce ba ta yi sadaukarwa ba?

Wannan "da" ɗin da ke biye da ita

Ga wani abu da nahawu zai taimaka mana da shi. Sadaukar tana cikin dangin aikatau masu ƙarewa da "ar" waɗanda "da" ke bi, irin su sayar da, bayar da, zubar da, fitar da, mayar da. Masana nahawun Hausa suna kiran wannan dangi giredi na 5, kuma abin da ya haɗa su shi ne aikin yana fita ne daga wurin mai yi ya nufi waje. Wanda ya sayi doya, doya ta zo gare shi. Wanda ya sayar da doya, doya ta bar shi. Haka wanda ya sadaukar, dole akwai abin da ya bar hannunsa.

Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce "wane mutum ne mai sadaukarwa", tambayar da ke zuwa mini ita ce: da me? Kalmar da kanta tana neman amsa. Ya sadaukar da albashinsa na wata, ya sadaukar da filinsa aka gina makaranta, ta sadaukar da barcinta tana jinyar surukarta. In aka rasa abin da za a sa bayan "da" ɗin nan, to yabon fanko ne.

In abin da aka bayar ya biyo baya, sai a ce "ya sadaukar da kuɗinsa". In za a ambaci wanda aka yi domin shi, sai a ce "ya sadaukar da shi ga iyayensa", ko "ya sadaukar musu da shi". In aikin kansa ake nufi, shi ne sadaukarwa. A magana ta yau da kullum za ka ji "r" ɗin ta narke cikin "d", a ce "sadaukad da", kamar yadda ake cewa "sayad da". Duk daidai ne a baki, amma a rubutu "sadaukar da" aka tsayar.

Wuraren da aka fi jin ta

Mafi sauƙi shi ne na littafi. Buɗe kusan kowane littafin Hausa, ko na adabin kasuwar Kano ko kundin digiri, za ka tarar da shafi guda a farko mai taken Sadaukarwa, inda marubuci ke miƙa aikin ga iyayensa ko malaminsa ko wani da ya rasu. Irin wannan ne ɗan ƙwallo ke yi in ya ci ƙwallo ya ce ya sadaukar da ita ga mahaifiyarsa, ko mai kiran waya a shirin gaishe-gaishe ya sadaukar da waƙa ga abokansa na kasuwar Mile 12. A nan ba a rasa komai ba, littafin yana nan da sunan mai shi, ƙwallon ma a lissafinsa take. Girmamawa ce kawai, kuma kowa ya san haka, don haka babu yaudara a ciki.

Sai na lada. In an yi saukar Alƙur'ani ko an yi wata sadaka, za ka ji an ce "mun sadaukar da ladan ga mamatanmu". Wasu kan ce hadiyya. Malamai sun yi saɓani kan wasu ɓangarori na wannan mas'ala, kuma ba nan ne wurin warware ta ba, ni dai harshe nake bi. Abin lura shi ne a nan ma ma'anar asali tana nan daram: abu ne da mutum yake fatan nasa ne, ya ce a ba wani.

'Yan uwanmu Kiristoci masu jin Hausa, waɗanda suke da yawa a Legas da Fatakwal kuma suna da majami'un da ake sujada da Hausa, su ma suna amfani da kalmar, tare da miƙa kai da hadaya. Hadaya ta fi karkata ga abin da aka miƙa wa Ubangiji kai tsaye.

Daga nan sai "sadaukar da kai", wadda ita ce ta fi yawo a labarai. Ma'anarta mutum ya ba da kansa gaba ɗaya ga wani aiki, ya fifita aikin a kan jin daɗinsa. Aikin sa kai ɗan uwanta ne amma ba ɗaya suke ba. Sa kai na nufin ba wanda ya tilasta ka, kai ka kawo kanka. Mutum na iya sa kai ya zo sharar masallaci sau ɗaya ya ɗauki hoto ya tafi. Sai ya daɗe yana yi, yana asarar wani abu saboda aikin, sannan za a ce ya sadaukar da kai.

Ƙololuwa ita ce sadaukar da rai. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, za ka ji wannan furuci ya cika rediyo. Amma ba sai a fagen yaƙi ba, kuma mu mazauna Kudu muna da misalai a ƙofar gidanmu. A watan Yulin 2014 wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi a wani asibiti mai zaman kansa a Obalende, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi yarda a sallame shi duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agustan 2014. Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya baki ɗaya, kuma ranar 20 ga Oktoba na shekarar aka ayyana ƙasar ta rabu da ita. Duk wanda ya san cunkoson Obalende da Oshodi da Mile 12, ya san abin da zai faru da mutumin nan ya fita ya shiga gari. Mu da muke kwana goma-goma a ɗaki ɗaya, da mu za a fara.

Haka Joe Blankson a jihar Ribas. A watan Yulin 2018 jirgin ruwan da suke ciki ya kife a hanyar Fatakwal zuwa Bakana, ya yi ta nutso yana fito da mutane har 13, a komawar da ya yi bayan nan ne bai fito ba.

Ba dole sai mutum ya mutu ake cewa ya sadaukar da ransa ba. Liman Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi a jihar Filato ya ɓoye mutane sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa lokacin harin watan Yunin 2018, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Allah ya tsare shi, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Duk da haka Hausa ta yarda a ce ya sadaukar da ransa, domin ya riga ya ajiye ran a ƙofar masallacin, ɗauka ne kawai ba a yi ba.

Waɗannan manya ne da duniya ta ji. Amma in ka tambaye ni inda na fi ganin kalmar ta zauna daidai a zamanmu na kurmi, zan nuna maka mutanen da ke tashi in baƙo ya rasu. Yaro ya zo daga Arewa neman kuɗi, ba shi da kowa, ajali ya same shi a asibiti ko a bakin titi. Akwai mutane a kusan kowace unguwar Hausawa da za su rufe shago ko su bar teburinsu, su bi takardun asibiti da na 'yan sanda, su haɗa kuɗin likkafani, su yi wanka, su nemi kabari, sannan su yi ta kiran waya har a gano danginsa a sanar da su. Wuni guda na ciniki ya tafi, wani lokacin biyu. Ba sunansu a takarda, ba wanda zai ba su lambar yabo. Haka 'yan agaji da ke tsayuwa a rana ranar Idi ko wajen wa'azi, da matan da ke kwana a asibiti wurin maƙwabciyar da ta haihu ba uwa ba uba a kusa.

Maƙwabtanta da ake rikita ta da su

Jajircewa ita ce ta fi kusa, har wasu na ɗauka ɗaya suke. Jajircewa tsayuwa ce a kan abu ba gudu ba ja da baya, ko da ana tsoratar da kai. Mai jajircewa yana iya yin haka don amfanin kansa. Ɗan kasuwar da gobara ta cinye shagonsa ya sake tashi daga sifili, ya jajirce, amma bai sadaukar da komai ga kowa ba. Dakta Adadevoh kuwa ta haɗa biyun: ta jajirce wajen ƙin sallamar marar lafiya, ta sadaukar da ranta.

Duƙufa, kana jin duƙawa a cikinta. Mutum ne ya sunkuyar da kai a kan aiki ba ya ɗagowa, kamar tela ana jibi Sallah, ko ɗalibi ya duƙufa kan karatu jarrabawa ta matso. Himma kuma, wadda ita ma Larabci ce, zafin nama ne da niyyar tashi a yi, shi ya sa ake cewa himma ba ta ga rago. Dagewa da naci suna iya zama yabo suna iya zama zargi, ya danganta da abin da aka nace a kai. Mai bin bashi ma yana da naci.

Ikhlasi a zuciya yake, shi ne yin abu don Allah kaɗai. Ana iya ganin sadaukarwa da ido, a ƙirga kuɗin ko awannin, amma ikhlasi ba mai ganinsa sai Mahalicci. Attajiri na iya gina masallaci don a faɗa, ya sadaukar da kuɗi kam, sauran kuma tsakaninsa da Ubangijinsa.

Sallamawa tana da ban sha'awa. Ita ma sakin abu ce, amma sau da yawa bayan an ja. In mai saye ya taya, kuka yi ta ciniki, daga ƙarshe ka ce "na sallama", ai ba kyauta ka yi ba. Wanda aka fi ƙarfinsa ya bar filinsa ma cewa yake ya sallama. Don haka wanda 'yan tasha suka karɓe wa kuɗi da sunan tikiti, sallamawa ya yi don ya tsira da babur ɗinsa.

Sai haƙuri da biyayya, kuma a nan ne rikicin ya fi yawa. Haƙuri jure abin da ya same ka ne, ba kai ka zaɓa ba. Biyayya bin na gaba ce. Duka halaye ne masu kyau a muhallinsu, amma ba ɗaya daga cikinsu da yake daidai da sadaukarwa, domin ita mai ita ne ke farawa da kansa.

Inda ake cin zalin kalmar

To, ga inda maganar take da zafi. Ba a sadaukar da abin wani, kuma ba a sadaukarwa a madadin wani. Ba zan iya shiga shagonka in kwashi shinkafa in raba wa mabukata in ce na yi sadaka ba. Kowa ya yarda da wannan in ana maganar shinkafa. Amma in aka zo kan gumin ɗan Adam sai a manta.

Sau nawa muka ji irin wannan? Malamin Islamiyya ya yi wata uku ba a ba shi ko sisi ba, ga kuɗin haya na Legas, ga iyali. Ya je wurin shugaban kwamiti cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tuni ne kan maganar alawus ɗin nan." Sai a ce masa, "Haba Malam, ai aikin Allah ne, sai da sadaukarwa." Alhali iyayen yara sun biya kuɗin wata. In malamin ne da bakinsa ya ce ya yafe, ya sadaukar, Allah ya ba shi lada. Amma in an yi da shi za a biya, aka hana shi, aka kuma liƙa wa hanin suna mai daɗi, to sunan abin cin haƙƙi. Addinin da ake fakewa da shi ɗin ma shi ne ya yi umarni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Haka yaran shago da yaran gida. Tsarin maigida da yaransa tsoho ne a zamanmu na Kudu. Sabon Badun an kafa ta tun 1916, kuma wani bature mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi a 1969 kan yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a can bisa amana tsakanin masu gida da fatake da yaransu. Amma tsarin yana da ƙa'ida da kowa ya sani ko ba a rubuta ba: yaro ya yi hidima, maigida ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure in lokaci ya yi, ya ba shi jari ko ya buɗe masa hanya. Inyamurai ma suna da irin nasu, yaro ya yi wa ubangidansa shekaru a shago sannan a sallame shi da jari. Wannan yarjejeniya ce, kowa da abin da ke kansa. Maigidan da ya ci ƙuruciyar yaro shekara goma, da aka zo maganar sallama ya ce "ai mu ma haka muka sadaukar", ya mayar da abin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Tun Yulin 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma je ka tambayi masu gadinmu nawa suke karɓa, ka kuma tambaye su sau nawa aka yaba musu da wannan kalma a maimakon ƙari.

A cikin gida ma haka. Mata suna sadaukarwa ta gaske wadda ba a ƙirgawa. Matar da mijinta ke Legas ita tana ƙauye da yara da surukai, sai Sallah zuwa Sallah take ganinsa, ko wadda ta sayar da 'yan kunnenta aka biya wa yaro kuɗin makaranta, waɗannan ba mai musu. Sai dai in mace ta kawo ƙarar duka ko yunwa, dattawa suka ce "'yata, ki koma, aure sai da sadaukarwa", sun sa kalmar inda ba wurinta ba. Ita ba ta zaɓi a doke ta ba, kuma ci da sha haƙƙinta ne. Wanda ya kamata a kira a yi wa faɗa yana can zaune.

Na 'yan siyasa kuwa ba sai na ja ba. Duk lokacin da za a ƙara kuɗin mai ko na wuta, sai a ce talakawa su ƙara sadaukarwa. Wanda aka ƙara wa farashi ba shawara aka yi da shi ba, haƙuri yake yi don ba yadda zai yi. In mai mulki yana son kalmar, sai ya fara da nasa, ya faɗa mana abin da ya biyo bayan "da".

Yadda ake faɗinta cikin ladabi

A al'adarmu ba kasafai mutum ke cewa "na yi sadaukarwa" game da kansa ba. Kalma ce da wasu ke faɗa a kanka, galibi ma bayan ba ka wurin ko bayan ka rasu. In ka ji mutum yana lissafa sadaukarwar da ya yi wa unguwa, to ko takara zai tsaya ko gori yake shirin yi, kuma gori yana ɓata sadaka. Inda aka yarda mutum ya ce "na sadaukar" da bakinsa shi ne shafin littafi, ko wajen miƙa lada, ko lokacin da yake bayar da abu a gaban shaidu don kada magada su zo su yi rigima, kamar ya ce "ku shaida na sadaukar da wannan fili ga makaranta". A irin wannan ma gara a rubuta a sa hannu, musamman a garuruwan nan da rikicin fili ba ya ƙarewa. In abin na dindindin ne don amfanin jama'a, sunansa na fiƙihu waƙafi.

In kana son yaba wa babba, ba za ka tsaya gabansa ka ce "Baba, kai mai sadaukarwa ne" ba, zai ji nauyi. Cewa ake "Baba, Allah ya saka da alheri, Allah ya sa a mizani." Ga tsara kuma, "sannu da ƙoƙari" ta wadatar. Wanda aka yaba wa shi ma ba ya cewa na gode kawai ya yi shiru, sai ya kauda abin daga kansa ya ce "ai yi wa kai ne", ko "ba komai, Allah dai ya karɓa", masu sauraro su ce amin.